Darasi na 14: Rubuta Wasiyya ta Intanet

Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna da mutanen nan masu zama a bakin gidan waya ko a ƙofar kotu, da ɗan teburi da biro, wani ma har da tafireta. Ka zo ka zauna ka faɗi abin da ke ranka, shi kuma ya zuba maka a takarda, ka biya ladansa ka tashi. Bai san gidanku ba. Bai san matanka nawa ba sai ka gaya masa. In ka manta wani abu, takardar ma ta manta shi, in kuma ka faɗi kuskure, kuskuren zai rubuta maka da kyakkyawan rubutu.

Kamfanonin da ke rubuta wa mutane wasiyya ta intanet, sana'ar wannan magatakarda suka gada. Sun fi shi sauri, sun fi shi sanin kalmomin lauyoyi, kuma ba sai ka bar ɗakinka ba. Amma har yanzu mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan darasi za mu ga abin da irin wannan shafi yake iya yi maka, da inda aikinsa ya tsaya naka ya fara, domin kada mutum ya biya kuɗi ya kwanta da murna, alhali takardar da ke cikin wayarsa ba za ta tsaya a gaban alƙali ba.

Me ya sa ake kauce wa maganar

Da yawa daga cikinmu in aka ambaci wasiyya sai mu ce a bar zancen, kamar rubuta ta kiran ajali ne. Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba ta jiran a rubuta ko a fasa. Addinin da mafi yawanmu ke bi bai ɗauki wasiyya abin tsoro ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Na taɓa zama a wajen rabon gadon wani ɗan kasuwa da ya rasu ba zato. Mutumin kirki ne, mai amana, sai dai komai nasa a kansa yake. Kafin a yi sadakar bakwai mutum uku sun zo da maganar bashi, ba mai takarda a cikinsu. Uwargidansa ta san yana da shanu a hannun wani makiyayi, amma ba ta san sunan makiyayin ba balle rugarsa. A cikin shagonsa an tarar da ƙullin kuɗi da ba a san ko nasa ba ne ko ajiyar wani. 'Ya'yan da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya, sai ga su suna kallon juna da zargi. Rabin shafin takarda da ya isa ya kashe wannan wutar tun ba ta kama ba. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai zuciyata ta sosu.

Abin da wasiyya take iya yi, da abin da ya fi ƙarfinta

Kafin ka buɗe kowane shafi, sai ka san iyakar gonarka. Ga Musulmi, dukiyar mamaci tana fita ne bi da bi. A fara da kuɗin jana'iza, likkafani da haƙa kabari da makamantansu. Sai a biya bashi, har da sadakin da miji bai gama biyan matarsa ba, domin shi ma bashi ne. Sai a zartar da wasiyya. Abin da ya rage shi ne gado, wanda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka yanka wa kowa rabonsa.

Wasiyya tana da shinge biyu. Na farko, ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan jana'iza da bashi. Asalin wannan yana cikin labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka a shekarar Hajjin Bankwana, a lokacin 'ya ɗaya tak gare shi. Ya nemi izinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana. Aka yarje masa sulusi, tare da nuna masa cewa shi ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna miƙa hannu. Ku lura da abin da ya biyo baya: Sa'adu ya warke, ya rayu fiye da shekara arba'in bayan haka, ya haifi 'ya'ya da yawa. Wasiyyar da mutum ya yi yau, gobe gidansa na iya canja kama.

Shinge na biyu, ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Wannan shi ne wurin da mutane suka fi tuntuɓe a shafukan intanet. Fom ɗin zai tambaye ka wa kake so ya karɓi gidanka, kai kuma ka rubuta sunan 'yarka da ta fi jin ƙanka. Shafin ba zai ce maka uffan ba, zai rubuta. Ranar da aka je gaban alƙali sai a ce wannan 'ya magajiya ce, ba ta da wasiyya sai da amincewar 'yan'uwanta. Wanda ke son ya ba ɗansa ko matarsa wani abu na musamman, hanyarsa kyauta ce tun yana da lafiya, kuma a mazhabar Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali, hukuncin wasiyya take ɗauka. Ko a kyautar ma an hori iyaye su yi adalci tsakanin 'ya'yansu.

To in haka ne, sulusin na wane ne? A nan wasiyya take da daɗi, domin ita ce ƙofar waɗanda gado bai kai gare su ba. Akwai jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, wanda baffanninsa suke kange shi daga gado. Ƙasar Masar ta ga nauyin wannan lamari har ta mayar da wasiyya ga irin wannan jika tilas a dokarta ta 1946. A wurinmu in kaka bai rubuta ba, yaron sai dai ya jira tausayin baffanni. Akwai agolan da ya tashi a gabanka yana kiran ka Baba. Akwai 'yar riƙon da ta yi jinyar gyatumarka shekara da shekaru. Akwai yaron shago da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jiran kayanka, da ɗan'uwa ko mata da bambancin addini ya hana su gado, da rijiya ko makarantar allo da kake son ladanta ya bi ka. Duk waɗannan, in ba ka ambace su ba, ba mai iko ya cire musu ko sisi daga haƙƙin magada.

Bari mu gwada da lissafi. A ɗauka mutum ya rasu ya bar dukiyar da ta kai naira 12,000,000. Jana'iza ta ci 200,000, bashin da ke kansa 2,800,000. Saura 9,000,000. Sulusin wannan shi ne 3,000,000. Idan ya yi wasiyya da 4,000,000 ga marayun ƙaninsa, 3,000,000 za a fitar, ɗaya miliyan ɗin sai magada sun yafe. Abin da ya rage na gado 6,000,000. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, 750,000. Mahaifiya tana da sudusi, 1,000,000. Saura 4,250,000 a raba gida biyar, kowane kaso 850,000: maza biyun kowa 1,700,000, macen 850,000. Da matan biyu ne ko huɗu, tumunin nan ɗaya za su raba, ba a ƙara shi.

Ga Kirista da duk wanda ba ya ƙarƙashin shari'ar Musulunci, shingen sulusi bai hau kansa ba. Dokar wasiyya ta ba shi sarari mai faɗi ya raba abin da ya mallaka yadda ya ga ya dace, sai dai a wasu jihohi dokar ta kare wasu haƙƙoƙi na al'ada. Abin da ya haɗa kowa da kowa shi ne ba ka yin wasiyya da abin da ba naka ba. Gidan gado da ba a raba ba, ko gonar gandu da kuke nomawa da 'yan'uwa, rabonka kawai kake da iko a kai.

Yadda shafin yake aiki

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ka yi rajista da imel ko lambar waya. Shafin ya jero maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: cikakken suna da adireshi, iyali, kadarori, wa kake so ya zama wasiyyi mai zartar da abin da ka rubuta, wa zai riƙe ƙananan yara, wa kake son ba wani abu. Ka biya, na'ura ta ɗauki amsoshinka ta zuba su cikin jimlolin da lauyoyi suka riga suka tsara. A wasu kamfanonin lauya yana duba takardar kafin a turo maka, a wasu ba idon ɗan Adam da ke ganin ta. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi kafin ka biya ko kobo.

A Amurka kamfanin LegalZoom ya daɗe yana wannan aiki, a Ingila akwai Farewill. A Najeriya galibi kamfanonin riƙon amana ne ke yi, waɗanda da yawansu rassan bankuna ne ko gidajen zuba jari, kuma wasunsu suna da fom na musamman don Musulmi. Duba sunan kamfani a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ba ya cin minti biyar. Ka nemi adireshin ofis da za ka iya taka ƙafa ka je. Ka tambayi kuɗin duka tun farko, domin akwai na rubutawa, akwai na ajiya, akwai na gyara, kuma in ka naɗa kamfanin ya zama wasiyyinka, zai ɗauki ladansa daga dukiyar bayan ranka.

Alherin wannan hanya a fili yake. Ta fi zuwa ofishin lauya sauƙi, tana ba mai kunya damar ya zauna shi kaɗai da dare ya yi tunani, kuma tambayoyin kansu suna tono abin da ka manta. A ganina babban amfaninta ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko uwar gida mai sana'a shi ne ta tilasta maka ka zauna ka ƙirga. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wa ke bin ka, wa kake bi? Zubi nawa ya rage maka a adashi, ka riga ka kwasa ko ba ka kwasa ba? Gonar da kake nomawa taka ce ko jingina ce a hannunka? Tumakin da ka ba kiwo suna wane ƙauye? Gwal ɗin da ke cikin akwatinki, naki ne ko ƙawarki ce ta ba ki ajiya? Akwai asusun banki, da kuɗin da ke OPay ko Moniepoint, da ajiyar kujerar Hajji, da kuɗin fansho. Fom ɗin da aka tsara a Landan ba shi da gurbin adashi ko jingina, ba shi ma da gurbin mata ta biyu. In ka ga fom ba ya ɗaukar gidanka yadda yake, kada ka matse gidan don ya shiga fom. Ka bar shi ka nemi wani.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa wanda ka rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin makusancinka, shi ne zai kwashi kuɗin. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai mayar da shi magaji ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora biyan haƙƙin ma'aikacin da ya rasu a kan wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Bankuna ma takardar kotu suke nema kafin su saki kuɗi. Asusun da iyali ba su san da shi ba kuwa, haka zai yi ta kwana har a manta da shi.

Shaidu

Nan ne zuciyar darasin, don haka ku ba ni hankalinku. Takardar da shafin ya turo maka, ko da ta sha ado da tambari, daftari ce. Ba ta zama wasiyya ba sai an buga ta a takarda, ka sa hannu, shaidu sun shaida.

Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ita ce uwar dokokin wasiyya a Najeriya. Wasu jihohi har yanzu ita suke bi kai tsaye, wasu sun yi nasu bisa tsarinta. Sharaɗinta shi ne wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Ba a yarda ka sa hannu da safe kai kaɗai, ka aika wa ɗaya shaida da azahar, ɗayan da la'asar, ba tare da kun taɓa haɗuwa ku ukun a kan takardar ba. Kuma in shaida yana cikin waɗanda aka yi wa wasiyya, ko mijinta ko matarsa na ciki, wasiyyar tana nan amma rabon nasu ya faɗi. Sa hannu ta na'ura fa? Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015 ta amince da shi a harkar ciniki, amma ta ware wasu takardu daga wannan sauƙi, kuma wasiyya na cikinsu.

Abin da ke burge ni shi ne malaman Malikiyya sun riga dokar 1837 zuwa wannan wuri da ɗaruruwan shekaru. A Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an nuna cewa ko da an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a zartar da wasiyyar. Dalilin mai sauƙi ne: wataƙila gwaji yake yi, wataƙila ya rubuta ya sake shawara. In rubutun hannun mutum na kansa bai wadatar ba, ina ga rubutun da na'ura ta yi, wanda duk mai riƙe da wayar zai iya canjawa? A shari'a wasiyyar baki ma tana tsayawa in akwai shaidu adalai biyu. Ke nan ƙarfin yana wurin shaidu, takarda tana taya su tuna abin da suka ji.

Za ku iya jin labarin ƙasashen da suka sassauta. Jihar Nebada ta Amurka ta halatta wasiyyar na'ura tun 2001, wasu jihohin suka bi baya. A 2017 wata kotu a jihar Kwinsland ta Ostireliya ta karɓi saƙon tes da wani mutum ya rubuta a wayarsa bai ma aika ba a matsayin wasiyyarsa, amma sai da iyalin suka sha shari'a tsakaninsu kafin a kai nan. Ingila ta yarda a yi shaida ta bidiyo lokacin annobar korona, daga ƙarshen Janairun 2020 zuwa ƙarshen Janairun 2024, sannan ta koma tsarinta na da, kuma ko a lokacin sai an sa hannu da biro a kan takarda ɗaya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai cece ka a kotun Kano ko Sakkwato ko Jos.

Akwai abin da ya shafi ajinmu kai tsaye. Wasu a nan yanzu suke ƙarfafa karatunsu, kuma yawancin fom ɗin nan da Turanci suke. Ba abin kunya ba ne. Doka ba ta ce sai da Turanci ba, kuma dangwala yatsa yana tsayawa a madadin sa hannu. Amma in wani ne ya cike maka, dole a karanta maka takardar daga farko har ƙarshe a harshen da kake ji, a rubuta a jikinta cewa an karanta maka ka fahimta kafin ka dangwala, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa. Haka ake yi wa makaho ma. Shawarata kuma, kada wanda zai amfana da wasiyyar ya zama shi ne mai cike fom ɗin, ko da ɗanka ne mafi soyuwa. Kana kare shi ne daga zargin da zai bi shi har tsufansa.

Dokar ina za ta hau kanka

Shafin intanet ba shi da gari, amma wasiyya tana da shi. Fili da gida suna bin dokar wurin da suke. A Najeriya ma jiha da jiha sun bambanta, kuma tarihin abin ya cancanci a sani. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa Musulmin da ya rubuta wasiyyarsa bisa dokar 1837 yana iya raba dukiyarsa yadda ya so, ko da rabon ya saɓa wa fiƙihun Malikiyya. Hukuncin ya tayar da ƙura. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka kafa nasu dokokin, suka cire wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wannan 'yanci. A 2007, a shari'ar Ajibaiye, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rushe wasiyyar wani Musulmi a jihar Kwara saboda ta tsallake ƙa'idar gadon Musulunci, duk da ya rubuta ta da sunan dokar 1837. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya sa wasiyya da gado da kyauta da waƙafin Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Shafin da bai tambaye ka jiharka da addininka ba, bai san wace doka yake rubuta maka ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila lamarin juyewa yake yi. A can in Musulmi ya rasu ba wasiyya, dokar ƙasar ce za ta raba dukiyarsa, ba ruwanta da tumuni ko sudusi, kuma matar da aka ɗaura wa aure a masallacin can ba tare da rajistar hukuma ba tana iya tashi a tutar babu. Don haka a wurinsu rubutacciyar wasiyya ce kaɗai hanyar da za a bi rabon Musulunci. Wanda yake da gida a Kano da wani a Manchesta, wannan ya wuce aikin fom, ya nemi lauya a kowane ɓangare. Haka ma mai kamfani da abokan tarayya, ko mai fili da ake shari'a a kansa, ko wanda ya san akwai rigima kwance a gidansa.

Bayan an sa hannu

Kada ka rubuta lambar sirrin katin banki ko kalmar sirrin waya a cikin wasiyya, kada kuma ka ba shafin. Wasiyya takarda ce da za a karanta a gaban mutane, kuma kamfanin kirki ba ya neman waɗannan. Sunan banki da lambar asusu sun isa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare abin da ka ba su, amma abin da ba ka bayar ba shi ne ba a iya sacewa. In a shagon kwamfuta aka buga maka, ka tsaya a goge takardar daga na'urarsu a gabanka.

Takardar asali, mai ɗauke da sa hannun biro, ita kotu take nema. Ana iya ajiye ta a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun jiha, ko wurin lauya, ko wurin kamfanin riƙon amana. Duk inda ka ajiye, wasiyyinka ya san wurin, kuma ka nemi yardarsa tun kana raye, domin nauyi ne za ka ɗora masa. Ka zaɓi mai tsoron Allah da ya iya lissafi, wanda kuma ba ya jin kunyar faɗa wa babba gaskiya.

Muddin kana numfashi kana da ikon canja wasiyyarka. In an yi haihuwa, ko aure, ko rabuwa, ko ka sayar da gidan da ka ambata, ko ka biya bashin da ka rubuta, ka koma kanta. A nan shafin intanet yana da sauƙi ƙwarai, domin amsoshinka suna nan, layi ɗaya za ka gyara. Amma gyaran da ya tsaya a cikin waya bai taɓa takardar da ke ajiye ba. Sai an sake bugawa, an sa kwanan wata, an rubuta cewa wannan ta soke ta baya, an sake kiran shaidu biyu. Kada ka ɗauki biro ka soke layi a tsohuwar ka rubuta wani a samansa, domin gyaran da ba shaidu a kansa ba ya aiki.

Aiki

1. Mace ta rasu ta bar naira 3,300,000. Jana'iza ta ci 100,000, ana bin ta bashin adashi 200,000. Nawa ne iyakar abin da za a fitar na wasiyyarta? Idan ta yi wasiyyar ga 'yar riƙonta, za a zartar? Idan ga ɗanta na cikinta ta yi fa?

2. Wani ya cike fom ta waya, ya buga takardar, ya sa hannu a gaban maƙwabcinsa da matar ƙaninsa, alhali ƙanin nan yana cikin waɗanda ya yi wa wasiyya. Ku tattauna biyu-biyu: me zai faru da rabon ƙanin a ƙarƙashin dokar 1837, kuma wa ya kamata ya kira a madadinta?

3. Wannan na gida ne. Kowa ya samu farar takarda ya raba ta gida uku: abin da na mallaka, abin da ake bi na, abin da ke hannuna na wani. Ku rubuta da hannunku, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi zauna muku. Ku zo da ita mako mai zuwa a ninke. Ba wanda zai karanta ta wani, ni ma ba zan duba ba. Da ita za mu gwada cike fom a aji, kowa yana kallon tasa.